Ba na shiga ƙarƙashin mota a kan kirik

Ni bakanike ne a Damagaram. Mahaifina ya kawo ni gari a 2005, shekarar da aka yi yunwa bayan fari da fara sun lalata damanar 2004. Daga wani ƙauye muke a gabashin Miriya, kuma a lokacin rage baki ɗaya a kan tukunya ma taimako ne ga gida. Wani ɗan garinmu mai sayar da goro a tasha shi ya haɗa mu da wani tsohon bakanike da ke da gareji a Sabon Gari. Baba ya kama hannuna ya sa a nasa, ya ce, "Malam, ga amana." Tsohon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa." Shi ke nan, na zama aparanti.

Na zaci da zuwana za a miƙo mini sifana. Ina! Aikina na farko, kuma na daɗe ina yin sa, shi ne ɗaukar itace. Maigidana yana da tulin kututtura a gindin bango, na kirya da na marke, an sassaƙe su sun yi kusurwa huɗu, baƙin mai ya ratsa su har sun yi baƙi ƙirin. Duk motar da za a ɗaga, ni zan jawo su in jera. In ka ɗauki na kirya ɗaya ka san ka ɗauki kaya. Yaran garejin da ke kusa da mu suna yi mini dariya, wai an kawo ni koyon gyaran mota na ɓuge da sana'ar masu faskare. Su a wurinsu an ɗaga mota da kirik, an cusa bulo biyu ko wani dutse, an shige.

Maigida ba mai yawan bayani ba ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin manyan motoci a hanyar Agadas, kuma abin da ya gani a can bai cika faɗa ba. Abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Kirik ɗagawa yake, ba ya riƙewa." Wata rana da babu aiki ya kwance wani tsohon kirik mai mai a gabanmu, ya baje kayan cikinsa a kan buhu. Ya ɗauki wata 'yar roba zagayayya, ba ta fi zoben hannu ba, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "Ka ga wannan? Ita ke tare man da ke ɗauke da motar. In ka shiga ƙarƙashi a kan kirik kaɗai, ranka a hannunta yake." Robar ta bushe, gefenta ya tsage. Ya nuna mana wani ɗan ƙwallon ƙarfe da ke toshe hanyar mai kada ya koma baya, ya ce ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a mazauninsa, mai zai riƙa zurarewa a hankali. Mu kuwa a garin nan yashi ba baƙo ba ne. Da sanyi, lokacin hazo, ƙura tana manne wa sandar kirik, ta kakkarce ta, ta cinye robar. Ga kuma masu ɗura wa kirik man birki in nasa ya ragu, alhali man birki lalata irin wannan roba yake.

A garejin akwai babban yaro, wanda duk muke kira Yaya. Hannunsa yana da albarka, direbobi suna son sa saboda ba ya ɓata lokaci. Shi ya fara koya mini sunayen sifana, shi ya saya mini takalmin farko da na sa a gari. Yana da mata da ɗa ɗaya, yana shirin buɗe nasa wurin.

Lokacin ana cikin gina matatar mai ta SORAZ a hanyar Tanut, hanyar ta cika da zirga-zirga. Wata ranar Alhamis da yamma, maigida ya tafi jana'iza Birni, sai ga wani direba a kan babur, hankalinsa a tashe. Motarsa ƙirar Hilux ta tsaya a daji, ya ɗauko gero da fasinja daga Damargu, kardan yana ƙara har ya ji tsoron ci gaba. Kardan ita ce doguwar sandar ƙarfen nan da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Yaya ya ɗebi sifanu a jaka, ya ce in hau bayansa. Na nufi bango zan ɗauko kututture, direban ya ce, "Haba Malam, a babur? Akwai kirik a motar, ga duwatsu ko'ina. Aikin minti goma ne, kada dare ya yi mana." Muka tafi haka.

Mun tarar da motar a gefen kwalta, a wurin da ƙasa ta ɗan gangara. Ba gangara ce da ido zai kula da ita ba. Kaya sun danne ta har bayanta ya kusa taɓa taya, buhu a kan buhu, fasinja suna zaune a inuwar wata aduwa. Birkin hannu ya daɗe da tsinkewa, yadda yake a yawancin motocin haya, don haka direba ya bar ta a giya, ya sa wani ɗan dutse a gaban taya ɗaya. Saboda ta yi ƙasa sosai, aka sa kirik a shasi, wato ƙarfen da jikin mota ke zaune a kansa, aka ɗan ɗaga ta don Yaya ya sami wurin shiga. Tayoyi duk suna ƙasa. Gindin kirik yana kan wani faffaɗan dutse, dutsen yana kan yashi.

Abin da ya faru bayan nan sai daga baya maigida ya warware mana shi. Motar da aka bari a giya, injin ne ke riƙe ta, kuma riƙon nan ta kardan yake bi ya isa tayoyi. In ka kwance kardan, ka raba tayoyi da inji, motar ta zama ba abin da ke riƙe da ita, ko da sandar giya tana nan inda ka bar ta. Shi ya sa noti na ƙarshe yake yin tauri a irin wannan hali, domin duk nauyin motar yana jan sa. Mai gyara yana ganin tsatsa ce, sai ya ƙara ƙarfi.

Ina tsugune a gefe ina haska masa tocila. Ya ce, "Miƙo mini bututu." Na miƙa masa bututun ƙarfen da muke zura wa sifana don ƙarin ƙarfi. Ya ja, noti ya saki, ya zare ƙusar da guduma. Ban ji wata babbar ƙara ba. Na dai ga taya ta murɗa, ta tura ɗan dutsen nan cikin yashi, kirik ya karkace ya faɗi, motar ta sauko da dukan kayanta ta matsa gaba. Tafiyar da ta yi ba ta kai kamu biyu ba. Ƙullin da ke tsakiyar aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu, ya kama shi a ƙugu.

Bai yi ihu ba. Wannan shi ne abin da har yau nake gaya wa yara, domin suna zaton wanda mota ta danne zai yi kururuwa a ji a kawo masa ɗauki. Bakinsa a buɗe, idanunsa a kaina, yana dukan ƙasa da tafin hannu. Ni na yi ihun. Fasinja suka taso, wasu na salati, wasu biyu suka kama ƙafafunsa za su ja. Wani dattijo a cikinsu, Allah ya saka masa da alheri, ya daka musu tsawa, ya ce kada wanda ya ja shi, a sauke kaya. Kirik ɗin motar yana can kwance a ƙarƙashi, ba mai iya kaiwa gare shi, kuma babu na biyu. Maza da mata suka hau jefo buhunan gero ƙasa. Ana cikin haka Allah ya kawo wata babbar mota, direbanta ya tsaya, ya sauko da kirik ɗinsa da katakon da yake ɗora shi a kai. Kafin ya ɗaga sai da ya sa aka toshe tayoyin gaba da manyan duwatsu, gaba da baya. Yana ɗagawa yana cewa a cusa tayar safaya a ƙarƙashin shasi, kada ta sake dawowa a kansa. Sannan aka zaro shi a hankali a kan tabarma.

Da aka fito da shi yana magana, har yana cewa a ba shi ruwa zai tashi. Jini bai fito ba ko ɗigo. Wasu suka ce ai da sauƙi, a kai shi gida a kira mai ɗori. Direban babbar motar ya ce a'a, asibiti. A can aka ga ƙashin ƙugu ya karye, jini yana zuba ta ciki. Kashegari fitsarinsa ya yi duhu, likita ya ce naman da aka danne ne ke sakin wani abu cikin jini wanda ke wahalar da ƙoda, aka yi ta ƙara masa ruwa. Tun daga nan, duk wanda na ji nauyi ya danne shi, ko ya miƙe da ƙafarsa yana dariya, ina ce wa 'yan'uwansa su kai shi a duba.

Yaya ya rayu, alhamdu lillahi. Amma bai sake kwanciya a ƙarƙashin mota ba. Kuɗin da ya tara don buɗe gareji sun tafi a magani, aka sayar da awakin matarsa. Yanzu yana da 'yar rumfa yana sayar da kayan gyara, yana tafiya da sanda, kuma in sanyi ya shigo ba ya iya sallah a tsaye.

Masu zuwa dubiya kowa yana cewa ƙaddara ce, haka Allah ya rubuta. Na yarda da ƙaddara, mai kyau da marar kyau, ba ni da ja. Sai dai na lura mu masu sana'a mun mai da kalmar mafaka, muna faɗin ta don kada a tambaye mu me aka sa a ƙarƙashin motar. Maigida bai ce da kowa komai ba a asibiti. Da muka koma gareji ya tara mu, ya sa aka tura wata tsohuwar Peugeot 504 zuwa wurin da ƙasa ta ɗan karkata, ya sa ta a giya, ya toshe ta da kututture da ɗan rata, ya kwance kardan daga gefe muna kallo. Motar ta gangara ta daki kututturen. Ya ce, "Kun gani?" Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ranar bai sake fitowa ba.

Na ci gaba da zama a wurinsa har ya sallame ni da albarka, ya ba ni kututture huɗu daga cikin nasa. Yanzu ina da nawa garejin da yara a ƙarƙashina, kuma yadda na gada haka nake yi. Kafin kirik ya taɓa mota sai an duba ƙasa. Garejinmu da yawa a garin nan fili ne kawai da rumfa, ƙasa yashi, kuma gindin kirik ƙarami ne, nauyi yana taruwa a wuri ɗaya ya nutse ta gefe guda. Faffaɗan katako mai kauri nake shimfiɗawa tukuna. Kwalta ma ba abin yarda ba ce a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tana laushi, ƙarfe yana shiga cikinta a hankali. Daga nan sai a toshe tayoyin da za su zauna a ƙasa, gaba da baya, da kale, wato matokari na itace, ba ɗan dutsen da aka tsinta a hanya ba. Birkin hannu a yawancin motoci tayoyin baya kaɗai yake kamawa, in ka ɗaga bayan mota ka ɗaga birkin tare da ita. Giya ma haka: a motar da inji ke juya tayoyinta na baya, taya ɗaya ta baya in ta bar ƙasa, giya ta daina riƙe komai, domin tayar da ke sama za ta juya ta bar motar ta tafi.

In mota ta hau, sai a sa mata abin da za ta zauna a kai, ƙafafun ƙarfe ko kututture, a ƙarƙashin shasi ko aksil, ba a kaskon man inji ba, ba a farantin da tsatsa ta ci ba. Sannan a sassauta kirik har nauyi ya sauka a kansu, a bar kirik ɗin yana taɓawa kawai. Tayar da aka cire ba a jingine ta a bango, a ƙarƙashin mota ake kwantar da ita. In komai ya gaza, faɗin taya da ƙarfenta ya isa ya bar wa ƙirjin mutum wurin numfashi. Abu na ƙarshe, in kama motar da hannu biyu in girgiza ta da dukan ƙarfina. Masu mota ba sa son ganin wannan. Ni kuwa na san ƙarfin da za a sa wa noti mai taurin kai da bututu ya fi wannan girgizar nesa ba kusa ba, gara ta faɗi ina tsaye a gefenta.

Bulo kam ba ya shiga garejina don wannan aiki. An yi shi ne don ya ɗauki nauyi a shimfiɗe cikin gini, ba don ƙarfe ya caka masa tan guda a wuri ɗaya ba, balle irin bulon da ake bugawa yanzu, yashi ya fi siminti yawa. Itace in nauyi ya yi masa yawa yana ƙara, yana lotsewa, yana ba ka labari. Bulo ba ya sallama, rugujewa yake kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Itacen ma a kwance ake sa shi, in ka tsayar da gungume a tsaye ƙarfe zai iya tsaga shi biyu. In ana son tsawo, a jera biyu a kwance, a gicciya biyu a kansu.

Abin da ya sa nake wannan shaida shi ne ni ma rana ta ta zo. Ina kwance a ƙarƙashin wata Hilux, mota mai nauyin kusan tan 2, ina fama da akwatin giya. Ƙafa ɗaya ce ta ƙarfe ta rage ba a aiki da ita, don haka ɗaya gefen kututturen maigida na jera, kuma saboda tsawonsu bai kai daidai ba, akwai ratar da ba ta fi yatsa biyu ba tsakaninsu da shasi, kirik yana ɗauke da wannan gefen. Ina cikin aiki sai na ji wani ɗan sauti, ƙis, itace ya karɓi ƙarfe. Na juya kai. Mai yana tsiyaya daga wuyan kirik yana bin jikinsa zuwa katako, sandarsa ta koma ciki, ba abin da take ɗauke da shi. Shasin da ɗazu nake zura yatsu a ƙarƙashinsa a sake, ya zauna daram a kan kirya. Yaushe ya fara sauka, ban sani ba, ba wanda ya ji komai, yaran suna can suna gardamar ƙwallo. Na fito, na zauna a kan benci, ƙafafuna suna rawa. Na sha ruwa, na yi alwala, na yi raka'a biyu. Iyakar labarin hatsarina ke nan, ko ƙwarzane ban samu ba. Da daddare na je rumfar Yaya na ba shi labari. Ya yi shiru, can ya ce, "Ka je ka gai da Malam." Na je kashegari da goro.

Akwai abin da ke damuna a sana'ar nan, kuma zan faɗe shi ko da abokan aiki za su ji haushi. Wa muke turawa ƙarƙashin mota? Yara. Ɗan shekara 12 ko 13, saboda jikinsa ƙarami ne yana shiga inda babba ba ya shiga, kuma ba shi da bakin cewa a'a. Maigida yana tsaye yana ciniki da mai mota, yaro yana ƙasa a kan kirik ɗin da aka saya na hannu tun zamanin da. Iyayensu sun kawo su ne da kalmar amana. A wurina yaro ba ya shiga sai na girgiza motar da hannuna, kuma ba a aiki a ƙasa in babu wani a tsaye kusa. In an kira sallah, kowa ya fito, ba a barin mutum ɗaya wai zai ƙarasa. Na tuna Yaya bai iya ko kira ba.

Ƙaramin kirik ɗin nan mai murɗawa da ke zuwa da mota, don sauya taya aka yi shi, kuma mai sauya taya ba ya sa jikinsa a ƙasa. Amma sau da yawa a hanyar Magarya ko ta Matamaye za ka ga mutum ya ɗaga mota da shi, rabin jikinsa a ciki yana leƙen inda mai ke zuba, manyan motoci suna wucewa iskarsu tana kaɗa motar. In ina kan hanya ina tsayawa. Wasu su gode, wasu su ce ina ruwana. Masu tifa su ma da nasu: a ɗaga kwandon a shiga tsakaninsa da shasi ba tare da an tokare shi da ƙarfe ba, alhali shi ma mai ne ke riƙe da shi, da roba irin wadda aka ɗora mini a hannu.

Ƙafafun ƙarfe na kanti suna da tsada a wurin ƙaramin bakanike, na sani, shi ya sa da yawa ke zuwa wurin mai walda. Ban hana ba, amma na ga waɗanda aka haɗa da rodin gini, walda ɗis-ɗis, an zura ƙusa ta kafinta a matsayin fil. Wannan ya fi babu haɗari, don yana sa mutum ya saki jiki. In za a yi, a yi da bututu mai kauri, gindi mai faɗi da faranti a ƙasa don kada ya nutse, fil kuma na ƙarfe mai tauri. Wanda ba shi da halin wannan ya nemi itace mai kyau wurin masu sassaƙa turmi. Na kanti ma a kula, nauyin da aka rubuta a jiki galibi na guda biyu ne tare, ba na ɗaya ba.

Masu mota kuwa har gobe cikin sauri suke. Kwanan baya wani Alhaji ya kira ni, motarsa ta tsaya bayan gari, ya aiko yaronsa da babur. Yaron ya ga ina ɗaure kututture biyu da katako a bayan babur, ya buga wa maigidansa waya, ya miƙo mini. Alhaji ya ce, "Malam, wace irin hidima ce wannan? Dubawa kawai za ka yi, baƙi suna jira na." Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ni da su muke tafiya. In sun yi wa babur nauyi, a nemo wani bakaniken, ba zan ji komai ba." Ya ja tsaki ya kashe wayar. Jim kaɗan ya sake kira, ya ce a taho da su.